Yadda Muka Sa Wa Keken Yayana Wufa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Haɗejiya ranar kasuwa, ko da yamma sa'ad da aka tashi daga makaranta, ya san akwai irin keken A Daidaita Sahu da akan ji zuwansa tun ba a hango shi ba. Ba ƙarar injinsa ake fara ji ba, ba kuma muryar mawaƙi ba, sai wani dum-dum-dum da ke bugun mutum a ƙirji. Abin da ke fid da wannan sauti wata babbar lasifika ce wadda samari ke kira wufa. A hutun damina na shekarar 2024 na taya yayana haɗa irin wannan lasifika a kekensa. Mun yi kuskure har sau biyu, a na biyun ma saura ƙiris keken ya kama wuta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, domin 'yan'uwana ɗalibai su ga cewa kimiyyar da muke karantawa a aji tana nan a bakin titi, iyayenmu kuma su san abin da 'ya'yansu ke zuba wa kuɗi.

MAFARIN ZANCE

Yayana direban keke ne. Yana jigilar fasinja a cikin gari, daga Matsaro zuwa Yayari, daga kasuwa zuwa tasha, wani lokaci kuma a ɗauke shi shata zuwa Auyo ko Malam Madori. Keken bai zama nasa ba tukuna, biya yake yi kaɗan-kaɗan kowane mako, da shi kuma yake ci da matarsa da ɗansu guda.

Wata rana da dare muna zaune a zaure sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Auta, dubi wannan." Na duba, sai ga bidiyon wata 'yar mota ja mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda akan naɗe rufinta a mai da shi baya. Mai motar ya sa mata wufa a bayan kujera, yana tafe iska na kaɗa shi, kiɗa na tashi. Yaya ya ce, "Ai wannan da kekena duk ɗaya ne. Ita ba rufi, nawa ba ƙofa." Na yi ta dariya. Ashe gaskiya ya faɗa ban sani ba, domin kuwa matsalar da mai waccan mota ta miliyoyi ke fama da ita wajen sauti, ita ce matsalar mai keke a Haɗejiya.

Bayan mako biyu ya yi sautu Kano, aka sayo masa wufa ta gwanjo mai faɗin inci 10, da wata 'yar amfilifaya, watau na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Kuɗin ya lashe duk abin da ya tara a wata guda. Ranar da kayan suka iso ba mu jira kowa ba. Muka ɗaure lasifikar da roba a bayan kujerar fasinja, tsirararta ba akwati, muka jona waya, muka kunna. Muna ganin fatarta tana shiga tana fita da ƙarfi, amma abin da ke fitowa sai wani fat-fat-fat kamar kaza na karkaɗe fiffike. Dum ɗin da muke nema babu shi. Yaya ya zauna ya yi tagumi, ya ce an cuce shi, an sayar masa da matacciya.

Allah ya sa malaminmu na kimiyya a unguwarmu yake. Da yake Hausawa sun ce tambaya mabuɗin ilmi, washegari na ɗauki lasifikar a buhu na kai masa. Ya juya ta, ya danna fatarta da yatsa, ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ku ne ba ku ba ta ɗaki ba." Ga bayanin da ya yi mini, gwargwadon yadda na riƙe.

SAUTI MAI KAURI DA SIRIRIN SAUTI

In an bugi ganga, fatarta kan yi rawa. Takan tura iskar da ke gabanta, ta ja da baya, ta sake turawa. Wannan iskar ta turi ta kusa da ita, waccan ma haka, har motsin ya iso kunne. Wannan shi ne sauti. Ya yi kama da igiyar ruwa in ka jefa dutse a kogi: ruwan bai tafi ko'ina ba, motsin ne ke bazuwa. A cikin iska wannan motsi kan ci kamar mita 343 a sakan ɗaya, in kuwa ana zafi irin na watan Afrilu a nan, ya ɗan ɗara haka.

Abin da ya bambanta sauti mai kauri da siriri shi ne yawan kaɗawa a sakan ɗaya. Ma'aunin wannan ana kiransa haz, don tunawa da wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Hertz wanda ya rasu a 1894. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 har zuwa haz 20,000. In kaɗawar ba ta da yawa, sautin ya yi kauri. In ta yi yawa, ya sirance. Mu mutanen fadama ba mu bukatar littafi kafin mu gane wannan. Da damina in dare ya yi, ga burduddugi can bakin ruwa da babbar murya, ga gyare a gindin danga da 'yar siririya. A fada kuwa ga tambari da faffaɗar fata, ga kalangu da ƙarama. Mai kalangu ma in ya matse shi a hammata fatar ta ɗaure, muryar ta hau, in ya sake ta sauko.

Kowane sauti yana da tsawon igiyarsa, kuma lissafin ba wuya: a raba gudun sauti da yawan kaɗawa. Sauti mai haz 5,000 igiyarsa kamar santimita 7 ce, tsawon ɗan yatsa. Amma mai haz 50, irin dum ɗin da Yaya ke nema, igiyarsa ta kusa mita 7. Keke kuwa tsawonsa bai kai mita 3 ba. Ka ga ke nan igiya guda ta fi keke biyu in an jera su. Irin wannan doguwar igiya ba ta damu da bango ko kwana ba, zagayewa take yi, iska kuma ba ta cinye ta da wuri kamar yadda take cinye siririya. Shi ya sa in hadari yana nesa rugugi kawai muke ji, sai ya matso sa'an nan mu ji tsawa mai tsaga kunne. Shi ya sa kuma in ana biki a wata unguwa dum-dum ne ke hana mu barci, kalmomin waƙar ba su isowa.

To, ita lasifika ganga ce da wutar lantarki ke bugawa. A bayanta akwai maganaɗisu, a tsakiyarsa akwai siririyar waya da aka naɗe kamar zare a kwarkwaro, an manne ta da wata fata ta takarda ko roba mai siffar mazurari. In wuta ta bi ta wayar ta wannan fuska, maganaɗisu ya ture ta gaba. In ta juya, ya jawo ta baya. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau kusan duk lasifikar da ke rediyo da waya da masallaci a kansa take.

Amma fata ɗaya ba ta iya kowace murya da kyau. Siririn sauti yana son 'yar ƙaramar fata mara nauyi wadda za ta kaɗa sau dubbai a sakan. Mai kauri kuwa yana son a ture iska mai yawa, kamar bambancin fifita da tafin hannu da fifita da faifai. Malam ya ce duk sa'ad da aka rage yawan kaɗawa da rabi, sai fatar ta ture iska ninki huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Don haka aka raba aiki. Ƙaramar ana kiranta tiwita, sunan da Turawa suka samo daga kukan tsuntsu. Babbar kuwa wufa, daga haushin ƙaton kare. Wadda aka keɓe don can ƙasan sauti, daga haz 20 zuwa wajen 200, sabwufa ce sunanta na ainihi, amma mu nan duk wufa muke cewa. Ta yi suna a duniya a 1974, sa'ad da aka nuna wani fim a Amurka mai suna Earthquake, watau girgizar ƙasa, aka jera irin waɗannan manyan lasifiku a gidajen sinima domin 'yan kallo su ji kujerunsu na rawa.

ABIN DA YA SA WUFA KE BUKATAR AKWATI

Na tambayi Malam, to me ya sa tamu ta ƙi magana? Sai ya ce in tuna da masu kwalekwale a kogin Haɗejiya. In mai tuƙi ya sa filafili a ruwa ya ja shi sannu-sannu, ruwan da ke gaba zagayawa yake yi ya cike gurbin da aka bari a baya, jirgi ba ya motsi sosai. Haka fatar lasifika take. Sa'ad da ta turo iska a gaba, a daidai lokacin ta bar gurbi a baya. Da yake sauti mai kauri a hankali yake kaɗawa, iskar gaban tana da isasshen lokacin da za ta bi ta gefe ta cike gurbin. Turawa da jawowa suka kashe juna, ba abin da ya iso kunne. Maganin abin shi ne a raba gaba da baya, a tsare iskar bayan a cikin akwati.

Gani ya kori ji. Malam ya jona lasifikar da rediyonsa, ya riƙe ta a hannu, muka ji fat-fat ɗin nan. Sa'an nan ya ɗora ta a bakin wani bokitin fenti da ba kowa a ciki, ya danne gefenta. Nan take dum ya fito, har kwanukan da ke kan tebur suka amsa. Na tuna da iyayenmu mata masu kiɗan ƙwarya, yadda sukan kife ƙwarya a kan ruwa su buga. Iskar da aka tsare a ciki ita ke ba da wannan amo.

Akwatin wufa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai rufaffe ruf, wanda iskar cikinsa ke yi wa fatar aikin matashi, tana mai da ita wurinta bayan kowace kaɗawa. Wani Ba'amurke, Edgar Villchur, shi ya fito da shi kasuwa a 1954. Akwai kuma mai ƙofa, wanda akan huda a sa masa bututu. Wannan ya girmi wancan, tun 1932 Albert Thuras ya sami rajistarsa. Yana aiki ne kamar yadda kwalba ke kuka in ka hura bakinta: iskar bututun kan yi rawa tare da fatar, ta ƙara ƙarfi. Mai ƙofa ya fi ƙara, amma ya fi girma, kuma in ba a auna bututun daidai ba sai sautin ya zama gunji kawai. Mu muka zaɓi rufaffe saboda dalili uku. Wuri ya yi mana kaɗan, lissafinsa ya fi sauƙi, sa'an nan a garinmu duk ramin da ka bari buɗe, in ƙurar hunturu ba ta cika shi ba, zanzaro zai yi gini a ciki.

Wufa mai inci 10 takan so rufaffen akwati mai cin kamar lita 15 zuwa 30, gwargwadon ƙirarta. Muka je wurin wani kafinta da awonmu a takarda: cikin akwatin ya zama santimita 35 a tsawo, 30 a faɗi, 25 a zurfi. In ka ninka su za ka sami 26,250, watau lita 26 da ɗoriya. In an cire wurin da maganaɗisu zai ci, abin da ya rage bai wuce jarkar ruwa ta lita 25 ba. Muka ce ya yi da katako mai kaurin milimita 18, domin siririn katako rawa yake yi tare da kiɗa, ya sace ƙarfin. Aka shafa gam a kowace gaɓa kafin a ɗaure, aka toshe ramin da waya ta bi, aka sa 'yar audugar filo a ciki, aka yi masa fenti biyu saboda feshin ruwan sama. Yadda ake gane akwati ya rufu shi ne a danna fatar a hankali da yatsu. In ta dawo sannu-sannu, ya yi. In ta dawo fit, ko ka ji iska na tsiyaya, akwai kafa.

MOTAR DA BA RUFI DA KEKEN DA BA ƘOFA

Yanzu sai in koma kan maganar Yaya. Mota mai rufi, in an ɗaga gilasai, ita kanta akwati ce. Da yake igiyar sauti mai kauri ta fi cikin motar tsawo, ba ta da wurin bazuwa, sai ta matse iskar da ke ciki gaba ɗaya, ta sake, ta matse. Saboda haka 'yar ƙaramar wufa kan yi abin mamaki a rufaffiyar mota. Amma da zarar an naɗe rufi wannan garaɓasa ta tafi. Ɗauki bokitin ruwa ka juye a baho, za ka ga ya taru. Juye shi a fadamar Auyo, ko alamarsa ba za ka gani ba. Ga kuma iska da ƙarar taya da ta inji, waɗanda su ma yawancinsu masu kauri ne, suna danne kiɗan.

Masu ƙera buɗaɗɗun motoci sun daɗe da sanin haka. Dabararsu ita ce, maimakon a yi ta ƙara wuta, a kawo lasifika kusa da mai sauraro. Alal misali, sa'ad da kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya fito da ƙaramar motarsa MX-5 a 1989, a cikin wasunsu an dasa ƙananan lasifiku a matashin kujera, daidai kunnen direba. Masu ƙara wa irin waɗannan motoci wufa kuwa sukan sa ta bayan kujera ko wajen ƙafar fasinja, domin in an kulle ta a but, ƙarfen da ke tsakani da wurin ajiye rufin sukan tare ta. Mu ma wurin da muka samu shi ne ɗan dandamalin da ke bayan kujerar fasinja. Da yake inji na ƙarƙashinsa, muka sa katako a tsakani saboda zafi, muka ɗaure akwatin da noti, kada a taka birki ya faɗo wa mutane a wuya.

KUSKURE NA BIYU

Akwati ya yi kyau, dum ya samu, Yaya har da rawa. Amma wajen jawo wuta daga batir mun yi ganganci. Muka yi amfani da wata siririyar waya da ta rage a gida, muka bi da ita ta ƙarƙashin keke, ba mu sa fis ba. Kwana huɗu ana lafiya. Ran na biyar muna kan hanyar Auyo, ni da shi da wata tsohuwa da jikarta, muka shiga wani wuri mai gargada. Ashe wayar tana gogar bakin ƙarfe har rigarta ta yanke. Sai muka ji ƙauri, sai hayaƙi daga ƙarƙashin kujera. Yaya ya yi maza ya tsaya, ya fid da fasinja, ya fizge wayar daga kan batir da hannu. Har yau tabon yana nan a yatsunsa biyu. Tsohuwar nan ba ta ce komai ba sai salati, ta ja jikarta suka tari wani keken.

Da labari ya kai kunnen Baba, bai yi faɗa ba. Ya kira Yaya ya ce, "Keken nan ka gama biyansa?" Yaya ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Da ya ƙone, da me za ka biya mai shi? Da yarinyar nan ta ƙone fa, da me za ka biya iyayenta?" Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya ce ko dai a kai wa masu sana'ar su haɗa shi yadda ya kamata, ko a cire shi a sayar. Washegari muka tafi wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota. Na tsaya a kansa da littafina, ga abin da na rubuto.

Na farko, kafin a taɓa kowace waya a cire kan batir na baƙar waya. Na biyu, kaurin waya ya dace da wutar da za ta ɗauka. Batirin keke, kamar na mota, bolt 12 ne. In amfilifaya tana cin wat 120, a raba 120 da 12, an sami amfiya 10 ke nan, fiye da abin da ƙwan fitilar mota biyu masu wat 55 ke ja. Siririyar waya in ta ɗauki wannan zafi take yi, kamar ƙaramar hanyar ruwa da aka sako wa kogi. Na uku, kuma shi ne babba, a sa fis a jikin jar waya kusa da batir, kada nisan ya wuce santimita 45. Fis ɗan guntun ƙarfe ne da aka yi domin ya narke ya yanke wuta in ta yi yawa. Da mun sa shi, da abin da zai ƙone a hanyar Auyo bai wuce shi ba. In ya ƙone kuma a nemi dalili, kada a naɗa masa waya a mayar, kamar yadda wasu ke yi. Na huɗu, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata rigar roba. Na biyar, baƙar waya ta zama gajeriya, a kankare fenti a ɗaure ta a jikin ƙarfen keke sosai.

Ya kuma nuna mana maɓallai biyu a jikin amfilifaya. Ɗaya matata ce, wadda ke hana siririn sauti shiga wufa. Ya tsai da ita wajen haz 80, domin muryar mawaƙi ta tsaya a ƙananan lasifikun gaba. Ɗayan kuwa na daidaita ƙarfin abin da ke shigowa ne. Ya ce samari na murɗe shi har ƙarshe suna zaton ƙarin ƙara ne, alhali in amfilifaya ta kai iyakarta sautin fashewa yake yi, naɗaɗɗiyar wayar cikin wufa ta yi zafi ta ƙone. Ya ce kada manyan lambobin da ake bugawa a kwali su ruɗe mu, wat dubu kaza, a nemi ƙaramar lambar da aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Daga ƙarshe ya gargaɗi Yaya kada ya riƙa kunna kiɗa inji na kashe, domin abin da ke cajin batirin keke ƙarami ne, ba a yi shi don wannan kaya ba. Mai keken da batirinsa ya mutu da safe ya yi asarar fasinjan farko.

KUNNE BA SHI DA SAFAYA

Saura magana ɗaya, wadda a ganina ta fi duk sauran. Ƙarfin ƙara ana auna shi da desibel. Hira ta yau da kullum kamar desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yara kuwa 75. Amma in ƙarar ta kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a mako. Hukumar ta kuma yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda yadda suke sauraron kiɗa. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi waɗanda ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba su sake tsirowa. Wanda ya sauka daga keke ya ji kunnensa na ƙugi, to, kunnen ne ke kai ƙara.

Abin da ya tsorata ni shi ne lissafin nisa. A fili, duk sa'ad da ka rage nisanka da lasifika da rabi, ƙarar kan ƙaru da kamar desibel 6. Direba yana gaba, fiye da mita guda daga akwati, iska na dukan kunnensa, sai ya yi ta ƙarawa don ya ji. Fasinja kuwa akwatin yana bayan ƙeyarsa. Abin da direba ke ji daidai, a wurin jaririn da aka rungume a kujerar baya azaba ce. Ban da haka, direban da kiɗa ya cika wa kunne ba ya jin hon ɗin babbar mota, ba ya jin fasinja na cewa a tsaya. Ƙasarmu ma tana da doka a kan wannan, domin tun 2009 aka kafa ƙa'idojin hana yawan ƙara waɗanda hukumar kula da muhalli ta NESREA ke lura da su.

Kada kuma wani ya ce sai da wufa saƙo ke isa nesa. A daminar 2022, sa'ad da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya da wasu sassan Jihar Jigawa, ina tune da yadda aka riƙa shela ana kiran matasa su fito aikin jinga da buhunan ƙasa. Da lasifika mai bakin ƙaho aka yi, irin ta masallaci, wadda ba ta da kauri ko kaɗan, kuma kowa ya ji ya fito. Abin da ke sa a gane magana yana tsakanin haz 300 ne da 3,400. Wufa ta jin daɗi ce kurum, ba ta bukata ba.

Saboda haka Baba ya kafa wa Yaya sharuɗɗa, shi kuma ya karɓa. Ba kiɗa in an zo wucewa ta masallaci ko asibiti ko maƙabarta ko makaranta. Ba kiɗa in ya ɗauki dattijo ko mai goyo ko mara lafiya. Ba kiɗa bayan sallar lisha. Mai gyaran waya ya sa masa wani ɗan makunni kusa da hannunsa na dama, wanda ke kashe wufar ita kaɗai. Yaya da bakinsa ya gaya mini cewa a yini ya fi kashe ta fiye da kunna ta, kuma matan unguwa da suka fara gudun kekensa sun dawo.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in wani naku zai yi irin wannan aiki, ku taya shi da abin da kuka koya a aji: akwati rufaffe mai awo, waya mai kauri, fis kusa da batir, da tausayin kunnen wanda ke zaune a baya. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in sun ga yaro ya shigo da irin wannan kaya, su tambaye shi ina fis ɗinsa tun kafin su tambaye shi nawa ya saya. Ina godiya ga malaminmu na kimiyya da ya ba ni lokacinsa a cikin hutu. Allah ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, ya tsare masu neman halaliyarsu a kan titi, amin.